Tambayoyinku: Warin Tabar Wiwi, Asalin Irinta da Abin da Take Yi wa Mai Shanta

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk daga Zariya suka zo, kuma duk a kan tabar wiwi suke, ko da yake kowane mai tambaya da ɓangaren da ya dame shi. Mun taƙaita su kamar yadda muka saba, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ce da ke zaune a gidan haya a Samaru. Ya ce: "Assalamu alaikum Malam. Maƙwabcin ɗakina yana shan wata irin wiwi da yake kira Skunk, wadda warinta ya fi na wadda muka saba ji a bakin tasha ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya ce mini da hanci ake gane aikin kowace iri: mai ƙamshin lemo tana buɗe kai a yi karatu, mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma tana sa barci. Me ke kawo wannan wari, kuma akwai gaskiya a maganarsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu kai ga wiwi, ka samu ɓawon lemon zaƙi ka matse shi kusa da hancinka. Ɗan man nan da zai feso, mai ƙamshi mai kaifi, galibinsa wani sinadari ne da ake kira limonen, ɗaya daga cikin babban gidan sinadaran ƙamshi da masana ke kira tarfin. Tsirrai ne ke haɗa su a jikinsu, mafi yawa domin korar ƙwari da dabbobin da ke cin ganyensu, kuma da yake ba su da nauyi, ɗan zafi kaɗan ya isa ya tashe su cikin iska su iso hanci. A jikin wiwi ana haɗa su ne a cikin wasu ƙananan gashi masu danƙo da ke lulluɓe furen macen tsiron, waɗanda idan ka dube su da kyau za ka ga kamar an barbaɗa garin sukari. An gano ire-iren tarfin fiye da ɗari a cikin wiwi, amma 'yan ƙalilan ne ke rinjaye a kowane tsiro, kuma yadda suka cakuɗu shi ke sa wannan ta yi ƙamshin lemo, waccan ta yi na yaji.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne babu ɗaya daga cikin manyan sinadaran nan da wiwi ta keɓanta da shi. Mirsin, wanda ya fi yawa a ire-iren wiwi da dama, kuma shi ne mai warin ƙasar da maƙwabcinka yake magana a kai, akwai shi a mangwaro da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake jefawa a tukunyar shayi. Kariyofilen yana cikin masoro da kanumfari. Finen yana cikin kimba. Wato duk matar da ta zauna dakan yajin jego, rabin ƙamshin wiwi yana cikin turminta, kuma ba mu taɓa jin wadda ta tashi daga gindin turmi tana layi ba.

Dalili kuwa shi ne ba tarfin ke sa maye ba. Mai wannan aiki wani sinadari ne daban da ake taƙaita sunansa da THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace suka bayyana siffarsa a Isra'ila a 1964. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu wurare masu kama da kwaɗo, ana kiran su CB1, waɗanda aka gano a 1988. Jiki yana da nasa mabuɗin da yake buɗe su da shi daidai gwargwado, domin daidaita yunwa da barci da tunawa da jin zafi, THC kuwa baƙon mabuɗi ne da ya dace da kwaɗon, yana buɗe shi ba a kan lokaci ba kuma ya daɗe bai saki ba. Shi wannan THC ba shi da wari. Saboda haka hanci ba ya iya auna shi, kamar yadda ba a gane yawan gishirin miya da ƙamshinta.

Shi kuwa warin Skunk da ya hana ka sakat, labarinsa daban ne, kuma ba a daɗe da warware shi ba. Sunan kansa na wata dabba ce ta Amurka mai fesa ruwa mai ɗoyi idan an tsokane ta, irin bodarinmu na nan. Shekara da shekaru ana ɗora warin a kan tarfin, sai a 2021 wasu masu bincike a Kalifoniya suka nuna cewa wasu sinadarai ne masu ɗauke da farar wuta, waɗanda ƙirarsu ta yi kusa da ta sinadaran da ke ba tafarnuwa warinta. Hancin ɗan Adam yana kama su ko da ɗigo ne a cikin iska mai yawa, shi ya sa ƙulli ɗaya ke cika gida, ya kama labule da tufafi. Binciken ya kuma nuna cewa suna raguwa da sauri idan ganyen ya kwana biyu a ajiye. Ke nan tsananin wari ya fi nuna cewa ganyen sabo ne, ba ma'aunin ƙarfinsa ba ne.

Saura maganar buɗe kai da sa barci. A nan dole in yi wa maƙwabcinka adalci, domin ba shi ya ƙirƙiri zancen ba. A 1998 Mechoulam da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa wasu sinadaran da su kansu ba su da aiki a fili suna iya ƙara wa wani ƙarfi idan suna tare, kamar yadda fadawa ke ƙara wa sarki kwarjini. A 2011 wani likita Ba'amurke, Ethan Russo, ya faɗaɗa ra'ayin ya ce mai yiwuwa tarfin na yi wa THC irin wannan rakiya. Masu sayar da wiwi a ƙasashen da aka halatta ta suka cafe wannan "mai yiwuwa" suka mayar da ita tabbas, suka rubuta a jikin kwalabe. Amma da aka gwada a ɗakunan bincike a Ostireliya a 2019 da Niyu Zilan a 2020, ba a ga manyan tarfin ɗin sun sauya yadda THC ke buɗe kwaɗon CB1 ba. Kariyofilen ne kaɗai aka tabbatar, tun 2008, yana kama wani kwaɗo na biyu mai suna CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki kuma ba ya sa maye. Akwai kuma wani ɗan gwaji a Jami'ar Johns Hopkins a 2024, da mutum 20, inda limonen ya rage fargabar da THC ke jawowa. Sai dai tsantsar sinadarin aka ba su a ma'auni sananne, ba ƙullin da aka saya a lungu ba.

Batun karatu kuwa, a nan ba na jin akwai wani adalci da zan yi masa. Cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa game da THC akwai raunana ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa da tattara hankali wuri ɗaya. Mai shan yakan ji kamar kansa ya buɗe, ya ga kamar ya fahimci shafin da ke gabansa fiye da wanda ya rubuta shi, amma abin da ya karanta bai zauna ba, kuma zauren jarrabawa ne ke tona wannan asiri.

Tambaya ta biyu gajeriya ce, daga wani tela a Sabon Gari: "Malam, samari na taruwa bayan shagona suna busa wiwi, hayaƙin yana shigowa. Zai iya bugar da ni, ko ya bayyana a gwajin fitsari?"

Maigida, jin wari daban, shaƙar hayaƙi mai yawa daban. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2015, an zaunar da marasa sha tare da masu sha awa guda a ɗaki rufe ruf, sai wasunsu suka ji ɗan jiri kuma alamar ta fito a fitsarinsu. Da aka maimaita da iska tana shiga tana fita, abin bai kai haka ba. Idan ƙofar shagonka a buɗe take, maye ba shi ne abin damuwarka ba. Hayaƙi dai hayaƙi ne ga huhu, musamman idan kana da yara masu koyon ɗinki ko mai ciwon asma, don haka kai ƙara wurin mai unguwa bai zama wuce gona da iri ba.

Ta uku daga wani dattijo ce, tsohon malamin gona da ke zaune a Tudun Wada. Ya ce: "Na yi shekaru ina raba wa manoma ingantaccen iri. Yanzu ina jin yara suna ambaton Skunk da Kush da Loud, suna cewa wannan 'yar wance ce, waccan jikar wance ce. Shin wiwi tana da asali a rubuce kamar masararmu ta SAMMAZ? Sannan da gaske ne ita da rama dangi ne? Ganyensu ya yi kama ƙwarai."

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bari in fara da ta ƙarshen, domin ta fi sauƙi: kama da wane ba ta wane. Rama 'yar gidan su kuɓewa da yakuwa da auduga ce, ba ta haɗa komai da wiwi ba sai yatsun ganye da kuma igiyar da ake samu a ɓawon kowace. Ba ku kaɗai kamar ta ruɗa ba, domin masana tsirrai ma sunan da suka raɗa wa rama, Hibiscus cannabinus, ma'anarsa mai kama da wiwi. Dokar soja ta 1966 da ta tsananta hukunci a kan wiwi a Nijeriya ita ma da sunan da za a iya fassarawa da "ramar Indiya" ta kira ta. Ɗan'uwan wiwi na kusa wani tsiro ne mai yaɗo na ƙasashen sanyi, wanda ake sa furensa a giyar Turawa don ɗaci.

Asalinta Asiya ne. Wani bincike na ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa an fara nomanta a gabashin Asiya kimanin shekara 12,000 da suka wuce, da farko don igiya da 'ya'yanta. A wata tsohuwar maƙabarta da ke tsaunukan Pamir a yammacin Sin an tono kaskon turare na itace masu shekara kusan 2,500 da ragowar wiwi a cikinsu, alamar cewa tun a lokacin an san hayaƙinta. Carl Linnaeus ya raɗa mata Cannabis sativa a 1753, sannan a 1785 Bafaranshe Lamarck ya ga samfurin da aka kawo daga Indiya ya bambanta, ya kira shi Cannabis indica. Daga nan kalmomin satiba da indika da ake ta yayi yanzu suka samo tushe. Gabashi da kudancin Afirka sun san ta ɗaruruwan shekaru ta hanyar fataucin tekun Indiya, amma a nan yammaci baƙuwa ce ta kwanan nan, ba ta yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma galibin marubuta tarihi suna danganta hakan da ma'aikatan jiragen ruwa da sojojin da suka dawo daga Indiya da ƙasar Bama (Burma).

Kamar yadda muke da kaura da farafara a dawa, ko kanannado da ɗan Ila a wake, haka wiwi take da irin gargajiya da ya saba da ƙasarsa, kuma da sunan wurin ake kiran sa. Kush daga tsaunukan Hindu Kush da ke tsakanin Afganistan da Pakistan sunan ya fito. Akwai na Durban a Afirka ta Kudu, da na Malawi, da na Kolombiya, da na Akapulko a Meziko. Na ƙasashen zafi dogaye ne masu siririn ganye, masu jinkirin nuna, na tsaunukan Afganistan kuwa gajeru ne masu faɗin ganye da yawan danƙo, suna nuna da wuri kafin sanyi ya sauka. Ku da kuka yi aikin iri kun riga kun hango inda zancen ya dosa. A shekarun 1970 wasu masu noma a ɓoye a Kalifoniya suka haɗa na Afganistan da na Kolombiya da na Akapulko, suka yi ta zaɓe har suka sami iri mai saurin nuna kuma mai ƙarfi, shi ne Skunk mai lamba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 aka kai shi Holan, inda kamfanonin sayar da iri suka yaɗa shi, ya zama kakan ɗimbin ire-iren da ke yawo a duniya yau. Daga baya sunan ya tashi daga kan iri guda: a Ingila duk wiwi mai ƙarfi Skunk ake ce mata, a nan ma duk mai tsananin wari haka take amsawa, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakin mutane. Loud ma ba sunan wani iri ba ne, kirari ne na masu sayarwa ga mai wari da tsada.

To a nan ne wiwi ta rabu da masararku. Kafin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ ko irin wake na SAMPEA, an san uwa an san uba, an gwada a gonaki daban-daban damina bayan damina, kwamitin ƙasa ya duba ya yi rajista, kuma akwai asalin irin a ajiye wanda za a koma a kwatanta. Wiwi kuwa a ɓoye aka yi aurace-auracenta, ba shaidu ba littafi, kowa ya ga dama ya raɗa suna. Ga shi kuma tsiro ne mai namiji daban da mace daban, kamar dabino, iska ce ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa waccan, saboda haka 'ya'yan uwa ɗaya ma kan fito da halaye mabambanta. A 2015 masu bincike a Kanada suka duba ƙwayoyin gadon samfuri 81 na wiwi mai sa maye, suka tarar da cewa a kusan kashi ɗaya cikin uku na kwatancen da suka yi, samfurin ya fi kusa da wani mai suna daban a kan takwaransa mai suna iri ɗaya. Har akwai wani mai sunan Jamaika da aka ce tsantsar satiba ne, ya fito kusan tagwaye da wani indika na Afganistan. Idan haka abin yake a inda ake liƙa takarda a jikin kwalba, ƙullin da ya fito daga dazukan Ondo ko Edo ya bi ta hannu biyar kafin ya iso Zariya, sayensa da suna cinikin biri a sama ne.

Abu ɗaya da zaɓen iri ya sauya wanda ba a musu a kansa shi ne ƙarfi. Gwajin wiwin da hukumomin Amurka suka kama ya nuna matsakaicin THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, yayin da CBD, wani sinadarin tsiron da ba ya sa maye, ya yi ƙasa. Masu zaɓen ba tsawon igiya ko jure fari suka bi ba. Maye suka nema, shi suka samu.

Wasiƙa ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai. Wata uwa ce daga cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Ta ce: "Malam, ɗana shekararsa 19. Na tsinci ƙullin ganye a aljihunsa, amma ba shi da wari sosai, sai na ɗan ji sanyi. Ya ce mini ganye ne Allah ya halitta, Turawa ma magani suke yi da shi. Na ji abokansa suna kiran abin Kolorado. Yau sati uku ke nan ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta na bin sa. Kawunsa ya ce a kai shi gidan mari. Me zan yi?"

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki. Ki kai shi asibiti a cikin makon nan, kada a jira a ga abin da hali zai yi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Rashin barci na makonni da magana shi kaɗai da zargin ana bin sa alamu ne na ruɗewar tunani, ciwo ne da ake magancewa, kuma gwargwadon saurin fara magani gwargwadon kyawun sakamako. Idan ya fara barazanar cutar da kansa ko wani, ko ya yi jijjiga, to a ranar za a tafi, ko da dare ne.

Rashin warin da ya kwantar miki da hankali shi ne ya tayar da nawa. Kolorado sunan wata jiha ce a Amurka da ta halatta wiwi a 2012, amma abin da ake sayarwa da wannan suna a titunanmu hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana bayyana shi ne a matsayin wiwin haɗi, wato busasshen ganye, na wiwi ko ma na wani tsiro, da aka fesa wa sinadaran da aka ƙera a masana'anta. Irin waɗannan sinadarai an fara haɗa su ne don bincike a jami'o'i, daga baya 'yan kasuwa suka ɗauka, kuma a 2008 aka fara gano su a Jamus cikin wani garin ganye da ake sayarwa da sunan Spice. THC rabi yake buɗe kwaɗon nan na ƙwaƙwalwa da na ambata a amsar farko, su kuwa wangale shi suke yi gaba ɗaya, wasunsu da ƙarfin da ya ninka na THC sau da yawa. Mai fesawa kuma ba ya iya daidaitawa, wani gefen ƙullin ya sha da yawa, wani kaɗan. An tabbatar suna jawo jijjiga da bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba da lalacewar ƙoda, har da mutuwa.

Ko da a ce tsantsar wiwi ce, shekarunsa su ne mafi hatsari, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya duba marasa lafiya 901 a wurare 11 na Turai da Barazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen kamuwa da ruɗewar tunani, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Ba kowane mai sha ke kamuwa ba, shi ya sa abokansa za su ce ai ga su nan garau. Amma wanda ya fara da ƙuruciya, ko akwai mai irin ciwon a danginsa, ya fi kusa da bakin ramin. Game da kamu kuwa, kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha ne ke kasa dainawa, a cikin waɗanda suka fara suna samari kuma ɗaya cikin shida. Kada ki ɗauka gidanki kaɗai abin ya shiga: ƙididdigar da gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2018 ta ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6.

Hujjarsa ta cewa ganye ne, ki tuna masa cewa zaƙami ma ganye ne, kuma ba banza Bahaushe ya kira shi haukata-yaro ba. Maganar magani tana da ƙamshin gaskiya, amma ba yadda ya ɗauka ba. A 2018 Amurka ta amince da wani maganin ruwa da aka tace daga CBD don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Likita ne ke rubutawa, da ma'auni ake bayarwa, ba ya sa maye, kuma ba hayaƙi ba ne. A Nijeriya dai har gobe nomanta da sayar da ita da mallakarta laifi ne a doka.

Shawarar kawunsa, da dukkan girmamawa, kada a bi ta. Sarƙa da bulala ba sa warkar da ruɗewar tunani, sai dai su tabbatar wa yaron zargin da yake yi cewa ana nufinsa da sharri, kuma mutanen Zariya ba su manta abin da aka gani ba lokacin da hukuma ta rufe wasu irin waɗannan gidaje a nan da Kaduna a 2019. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Ki samu wanda yaron yake jin nauyinsa kuma bai taɓa dukansa ba ya raka ku, kuma a hanya kada a yi gardama da shi kan ko maƙwabta na bin sa ko ba sa bi. A ce masa za a je a duba rashin barcin ne, wanda gaskiya ne.

Idan ya daina, ki sa ran zai yi saurin fushi da ƙin abinci da munanan mafarkai, abin yakan fara cikin kwana ɗaya ko biyu, ya tsananta a makon farko, ya lafa bayan mako biyu zuwa uku. Wannan ba alamar magani ya ƙi ba ce. A gaban likita ki faɗi sunan da abokansa ke kiran abin, da lokacin da kika fara ganin sauyi, da ko yana haɗawa da tiramadol ko maganin tari mai kodin, da ko akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a danginki ko na mahaifinsa. Ki ambaci Kolorado da bakinki ko da ba a tambaye ki ba, domin gwajin fitsarin da aka saba yi THC yake nema, sau da yawa ba ya kama sinadaran haɗi, kuma takarda tana iya fitowa ba komai alhali yaron ya sha a daren jiya.